Ƙafa nawa ne daga rijiya zuwa ƙarshen gona? Awon dogon nisa da GPS da malejin mota

A Sakkwato har gobe da ƙafa ake cinikin ƙasa. Dillali zai ce maka fulotin hamsin da ɗari ne, magini zai tambaye ka ƙafa nawa katangar za ta ci, mai shagon waya ma da yadi ko ƙafa zai yi maka lissafi. Muddin abin bai wuce fuloti ɗaya ko biyu ba, tef mai ƙafa 100 ya wadatar. Wahalar tana farawa ne idan nisa ya miƙe: za a ja fayif daga rijiyar burtsatse zuwa ƙarshen gonar albasa a fadamar Kwalkwalawa, ko a kewaye gona mai eka goma da waya mai ƙaya a hanyar Wurno, ko a ja wayar lantarki daga taransifoma zuwa sabbin gidaje a bayan Dambuwa. A nan ne mutane ke ciro waya ko ƙaramar na'urar GPS ta hannu, ko su shiga mota su zuba wa maleji ido. Duka suna aiki, amma kowanne da irin kuskurensa, kuma wanda bai san bambancin ba zai sayi kayan da ba su isa ba, ko ya biya kuɗin abin da ba ya bukata.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne kuskuren GPS ba ya girma da nisa, na malejin mota kuwa, da yake juyin taya yake ƙirgawa, yana girma. Na'urar hannu a fili, ba bishiya ba gini, takan ɓace wurin da kake tsaye da ƙafa 10 zuwa 16. Awon nisa kuma wuri biyu yake bukata, farko da ƙarshe, don haka ka sa a ranka cewa amsar za ta iya kaucewa da ƙafa 15 zuwa 20, ko nisan gajere ne ko dogo. A faɗin fuloti mai ƙafa 50, ƙafa 15 kusan sulusin filin ne, ba awo aka yi ba ke nan. A layi mai ƙafa 5,000 kuwa, waɗannan ƙafa 15 ɗin ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Malejin mota akasin haka yake. Idan yana ƙari da kashi 2 cikin ɗari, a ƙafa 500 zai ƙara maka ƙafa 10, a ƙafa 20,000 kuma ƙafa 400. Saboda haka gajeren wuri na tef ne, dogon miƙaƙƙen layi na GPS ne, hanya mai lanƙwasa kuma ta taya ce, amma sai bayan an gwada tayar an san halinta.

Lambobin juyi kaɗan ne, a rubuta su a bayan littafin aiki. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce daidai, haka aka tsayar tun yarjejeniyar 1959. Mita ɗaya ƙafa 3.2808, kilomita ɗaya ƙafa 3,281, mil ɗaya ƙafa 5,280. Kada a ninka mita da 3 kawai don sauƙi, wannan yana cin ƙafa 281 a kowace kilomita. Idan da ka za a yi lissafin, 3.3 ta fi kusa, ita ƙarin ƙafa 19 kawai take yi a kilomita. Wasu manhajojin juyi suna kawo ƙafa iri biyu, ta duniya da tsohuwar ƙafar safiyo ta Amurka. Bambancinsu ƙafa ɗaya ne a cikin ƙafa 500,000, kada ya ɗauke wa kowa hankali.

Ga abin da ya fi ba masu na'urar hannu haushi. Ka shiga saiti ka zaɓi ma'aunin ƙafa da mil, ka fara tafiya, allo yana nuna 120, 300, 480, sai kwatsam ya koma 0.10. Yawancin na'urorin Garmin, irin su eTrex da GPSMAP, suna daina nuna ƙafa da zarar nisa ya kai kashi ɗaya cikin goma na mil, wato ƙafa 528, daga nan sai mil da lamba biyu bayan ɗigo. Kowane motsi na lambar ƙarshe ƙafa 52.8 ne, ya fi faɗin fuloti. Idan allo ya ce 0.50, nisan zai iya zama ƙafa 2,614, zai iya zama 2,666, na'urar ta san amsar amma ta ɓoye ta a cikin taƙaitawa. Maganin farko mai sauƙi ne, a bar ma'aunin ƙafa gaba ɗaya a koma mita. A tsarin mita na'urar takan ci gaba da ƙirga mita ɗaya-ɗaya har 999, wato kusan ƙafa 3,280, ninki shida na abin da ƙafa ke ba ka. Ko bayan ta juya kilomita, lambar ƙarshe mita 10 ce, ƙafa 33. Sai ka ninka da 3.2808 a kalkuleta. A ganina duk wanda zai yi aikin da ya wuce fuloti biyar ya auna da mita, ya juya zuwa ƙafa sau ɗaya tak a ƙarshe, lokacin da zai yi magana da magini.

Kafin a kai ga lissafi, sai an samo wuri mai kyau daga na'urar. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama da nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini, kuma na'urarka tana bukatar jin aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Ba ta aika komai, saurare kawai take yi, shi ya sa ba ruwanta da kati ko data ko sabis. Wayar hannu ma haka, a dajin da ba sanda ko ɗaya GPS ɗinta yana aiki, taswirar ce kawai ba za ta buɗe ba idan ba a sauke ta tun daga gari ba. Kafin watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka da gangan take lalata siginar farar hula har kuskure ya kai ƙafa 300. An daina wannan, kuma yanzu akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Idan na'urarka tana da wajen kunna su, kunna, batir zai ɗan fi saurin ƙarewa amma yawan taurari yana daidaita amsa.

Na'urar da ta kwana biyu a kashe, ko aka zo da ita daga wani gari mai nisa, a kunna ta a fili a ajiye minti goma zuwa sha biyar kafin a taɓa komai. Lambar farko da take nunawa ita ce mafi muni. Riƙe ta a tsayin ƙirji, nesa da jiki kaɗan, kanta yana kallon sama, domin jikin mutum yana tare sigina. Abokan gābar GPS a nan su ne rufin kwano, doguwar katanga, tankin ruwa na ƙarfe, gefen babbar mota da inuwar dogon yaro mai duhu. Sigina tana dukan kwano ta dawo, na'urar ta ɗauka tauraron ya fi nisa, sai wurin ya goce da ƙafa 30 ko fiye alhali allo yana cewa komai lafiya. Lambar da ake nunawa a matsayin ingancin wuri ƙiyasi ce ta na'urar, ba alkawari ba. Idan kusurwar gona ta faɗa ƙarƙashin bishiya, matsa fili a kan layin, ka ɗauki wurin a can, ka auna ratar da tef ka ƙara ko ka rage. Ƙurar hunturu da hadarin damina ba sa hana sigina, wannan kada ya tsayar da aiki. Abin da ke dagula ta a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu shi ne rikicewar saman sararin samaniya bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Awon safe ya fi na bayan magariba, ga shi kuma zafi bai taso ba.

A kowane ƙarshen layi a kafa turke na gaske a ƙasa, ƙarfe ko itace, sannan a kafa na cikin na'ura, wato a ajiye wurin da suna. Kada a danna sau ɗaya a wuce. Na'urorin hannu suna da wajen tara karatu da yawa a fitar da matsakaicinsu, ka tsaya cik a kan turken har ta ce ta gama. Littafin Garmin da kansa yana ba da shawarar a maimaita sau huɗu zuwa takwas, da tazarar aƙalla minti 90 tsakani, saboda taurarin su sauya matsayi. Ba kowa ke da wannan lokacin ba, amma sau biyu ba ya gagara: ɗaya da hantsi, ɗaya bayan la'asar. A kowane zagaye a ɗauki farko da ƙarshe kusa da juna a lokaci, kada a ɗauki ɗaya yau ɗaya jibi. Dalili shi ne wani ɓangare na kuskuren iri ɗaya ne a wurare biyu da ke kusa a sa'a guda, idan aka debe ɗaya daga ɗaya sai ya share kansa. Mai waya kuma ya sauke manhaja irin GPSTest ya duba ko wayarsa tana kama sigina ta biyu da ake kira L5. Wayoyi masu ita sun fara fitowa a 2018, kuma sun fi jure wa matsalar kwano da katanga.

Hanyar da ta fi kowace tsafta wajen samun ƙafa a kowane irin nisa ita ce a daina tambayar na'ura nisan, a karɓi lambobin wurin a yi lissafi da kai. A saiti, wajen tsarin rubuta wuri, zaɓi UTM. Maimakon digiri da minti, za ta ba ka lamba biyu da mita, ta gabas da ta arewa, tare da lambar shiyya, domin tsarin ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya. Birnin Sakkwato da kewayensa, har Kware, Bodinga, Wurno, Illela da Tambuwal, suna cikin shiyya ta 31P. A ce turken rijiya ya nuna gabas 0742315, arewa 1444120, na ƙarshen gona kuma gabas 0742955, arewa 1444600. Bambancin gabas 640, na arewa 480. Ninka kowanne da kansa, 409,600 da 230,400, haɗa su ya zama 640,000, danna alamar √ a kalkuleta, amsa mita 800. Ninka da 3.2808, ƙafa 2,625 ke nan. Ko nisan kilomita ashirin ne haka za a yi, kuma ba inda lamba za ta taƙaita ta ɓoye maka wani abu. Ɗan miƙewar da taswirar UTM ke yi a yankin Sakkwato wajen ƙafa ɗaya ne a kilomita, bai kai kuskuren na'urar ba balle a damu da shi.

Wuri biyu ake faɗawa rami a wannan hanya. Na farko iyakar shiyya. Layin digiri 6 na gabas ya ratsa gabashin jihar, Isa da Sabon Birni suna cikin shiyya ta 32. Idan turke ɗaya ya nuna 31 ɗayan ya nuna 32, debe lambobinsu ba zai ba da komai ba sai shirme, a nan dole a bar na'urar ta faɗi nisan da kanta. Na biyu ya fi yawan cutar da mutane. GPS yana aiki da ma'aunin duniya na WGS 84, takardun safiyo da yawa na Najeriya kuwa an zana su a kan ma'aunin Minna. Turke ɗaya, lamba biyu daban, ratarsu ta kai ɗaruruwan ƙafa. Wanda ya kwafi lambar kusurwa daga tsohuwar takardar fili ya zuba a waya, zai je ya tsaya a tsakiyar filin maƙwabci yana rantsuwa nasa ne. In dai duka turakun biyu da ma'auni ɗaya aka ɗauke su, nisan da ke tsakaninsu daidai ne, haɗa na takarda da na waya ne ke kawo rigima. Wanda kuma aka turo masa wuri da digiri ya kula da yawan lambobin bayan ɗigo. Lamba ta biyar tana daidai da ƙafa uku da rabi, ta huɗu ƙafa 36. Idan da daƙiƙa aka rubuta ba tare da ɗigo ba, kowace daƙiƙa ɗaya kusan ƙafa 100 ce, tsawon fuloti guda.

Duk wannan miƙaƙƙen layi ne, irin tafiyar tsuntsu. Fayif da katanga ba haka suke tafiya ba, suna kauce wa kwari da gidan tururuwa da gonar wani. Abin da mutane ke yi shi ne su kunna ƙidayar tafiya su bi hanyar da ƙafa, su karanta jimla. Wannan jimlar ita ce mafi raunin lambar da GPS ke bayarwa. Idan ka tsaya gaisawa da mai gona minti biyar, wurin da na'urar ke gani yana ta rawa hagu da dama, kuma wasu na'urorin suna tara wannan rawar a matsayin tafiya. Idan kuma an saita ta tana ajiye sawu jefi-jefi don tattalin batir, sai ta yanke kwana ta rage nisa. Waya a aljihu da allo a kashe ta fi kowa wannan laifin. Gara a kafa turke a kowace kwana, a lissafa kowane yanki shi kaɗai, a tara. Yankin da bai kai ƙafa 300 ba a ja masa tef.

Haka abin yake a awon faɗin gona ta hanyar zagaya ta. Kadada ɗaya mita 100 ce sau 100, ƙafa murabba'i 107,639, eka kuma 43,560. Idan shinge ya tilasta maka bi ta waje da mita biyu kacal a kowane gefe, na'urar za ta ga 104 sau 104, ƙarin kashi 8 cikin ɗari, kuma a kan wannan ƙarin za a lissafa maka taki da iri da kuɗin haya. A fuloti mai hamsin da ɗari, kaucewar ƙafa shida a kowane gefe tana mayar da murabba'i 5,000 zuwa 6,944. Duk wanda ya zagaya fuloti da waya ya ce maka ya cika, bai gaya maka komai ba. A nan ma a lura, mita 15 da 30 da wasu ke kira fuloti bai kai hamsin da ɗari ba, ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 kuma 30.48.

Sai mota. Maleji ba ya ganin hanya, juyin taya yake ƙirgawa ya ninka da kewayen tayar da kamfani ya sa wa motar. Fara da duba ma'auninsa, domin motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, kuma an sha ɗaukar 3.0 a matsayin kilomita uku alhali kilomita 4.8 ce. Ƙaramin malejin da ake gogewa ya koma sifili yana motsi ne a kowace mita 100, wato ƙafa 328, a mai mil kuma ƙafa 528. Sannan girman taya. Taya mai lamba 195/65 R15 kewayenta milimita 1,993 ne, ƙafa shida da rabi da ɗan ɗori. Idan aka sauya ta da 205/65 R15, kamar yadda ake yi idan ita aka samu a kasuwa, kewaye ya zama 2,034, ƙarin kashi 2 cikin ɗari, maleji zai riƙa rage maka ƙafa 66 a kowace kilomita. Tayar da ta cinye har zanenta ya kusa shafewa tana ƙanƙancewa da kusan wannan adadin, ita kuma ƙari take sa shi yi. Ƙarancin iska da lodi mai nauyi su ma suna taɓa shi. A yashi abin ya fi muni, taya tana juyi mota ba ta ci gaba daidai da juyin ba, duk awon da aka yi a hanyar rairayi yana fitowa da ƙari.

Gwada maleji ba wuya. Nemi titi mai kwalta wanda ba kwana da yawa, irin hanyar Bodinga ko ta Gwadabawa, cika tayoyi da iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ɗora GPS a inda yake ganin sama ta gilashin gaba, goge duka biyun su koma sifili, ka yi tafiyar kilomita 20 ba tsayawa. A irin wannan gudun jimlar GPS abin dogaro ce, domin rawar da ke damunta a tsaye ba ta da tasiri. A ce GPS ya nuna 20.0, maleji ya nuna 20.4. Raba 20.0 da 20.4, ka samu 0.980. Wannan ita ce lambar gyaran motarka, da ita za ka ninka duk abin da maleji ya faɗa, har ranar da aka sauya taya. A lokacin zafi a kare waya daga rana a kan dashbod, a Afrilu tana iya ɗaukar zafi ta kashe kanta ana tsakiyar awo.

Saura matsalar ƙafa 328 da ke ɓoye tsakanin lamba da lamba. Dabarar ita ce a yi aiki da lokacin da lamba ke juyawa. Daidaita tayar gaba da turken farko, goge maleji. Da ka iso turken ƙarshe, a ce yana nuna 2.3, kada ka tsaya. Ci gaba a hankali har ya juya 2.4, taka birki nan take, a sa alama a gindin tayar gaba, a ja tef daga alamar a koma turken. A ce ƙafa 140 aka samu. Kilomita 2.4 sau 0.980 mita 2,352 ce, wato ƙafa 7,717, cire 140, saura 7,577. A maimaita a dawowa. Idan amsoshin biyu sun yi kusa, a ɗauki tsakiyarsu, idan sun yi nisa da juna akwai inda aka kauce hanya ko taya ta yi juyin banza.

Injiniyoyin hanya suna da na'ura ta musamman da ake kira DMI, ana haɗa ta da wayar da ke kai saƙon gudu daga giyabos ko taya, tana ƙirga ƙafa ɗaya-ɗaya komai nisa. Masu tseren mota a daji ma suna da irinta. Ita ma ba ta san komai ba sai an koya mata, ana tuƙa ta a kan layin da aka auna da tef, yawanci ƙafa 1,000, ta ƙirga bugun da ta ji ta ajiye. Ɗan kwangilar da ke yawan aikin magudanar ruwa ko shimfiɗa waya zai ci ribarta. Ga mai gona ɗaya, keke ya ishe shi, kuma ba raini a ciki: hanyoyin gudun fanfalaki na duniya, masu kilomita 42.195, da keken da aka gwada ake auna su, ba da GPS ba. A cika tayar gaba da iska, mai awon ya hau, a sa bakin iskar tayar a ƙasa daidai kan alama, a tura shi a miƙe har juyi goma, a auna da tef a raba goma. Babban keke mai taya inci 28 yakan ba da ƙafa bakwai da 'yan inci a juyi ɗaya, amma naka za ka auna, da nauyinka a kai, a irin ƙasar da za a bi. Ɗaura jan ƙyalle a waya ɗaya ta tayar, wani yana biye yana ƙirga, duk juyi ɗari ya jefa tsakuwa a aljihu. A babur ma tayar gaba ce abin dogaro, ta baya ita ke kwasar yashi tana juyi a banza.

Layin gwaji na ƙafa 1,000 yana da amfani ga duk mai wannan sana'a, a yi shi sau ɗaya a gefen titi mai shiru a sa masa fenti. Tef na ƙarfe ake so, na leda ko zare yana miƙewa idan aka ja shi da ƙarfi, tsohonsa kuma ya riga ya miƙe. Mutum biyu, ƙusa goma a hannun na gaba, duk tef ɗaya ya kafa ɗaya, na baya yana tsincewa. Ƙusoshin su ne ƙidaya, domin kuskuren da ya fi yawa a jan tef mai nisa shi ne a manta ko na bakwai ake ko na takwas. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, tef ɗin da aka daidaita a digiri 20 idan ya kai 45 zai rage maka kusan inci uku da rabi a ƙafa 1,000. Da sassafe wannan ba ya tasowa.

Abu ɗaya da bai kamata a tambayi GPS na hannu ba shi ne tudu da gangare. Kuskurensa a tsayi ya ninka na kwance sau biyu ko uku, zai iya nuna maka ruwa zai gangara inda a zahiri hawa zai yi. Wanda zai kafa tanki ko ya haƙa hanyar ruwa a gonar rani ya yi amfani da farin tiyo mai ruwa a ciki irin na magina, ko ya kira mai na'urar lebur. Kuma GPS nisan kwance yake bayarwa, amma a ƙasarmu wannan ba babban abu ba ne, gangaren da ke sauka ƙafa 10 a kowace ƙafa 100 rabin kashi ɗaya cikin ɗari kawai yake ƙarawa.

Idan an zo sayen kaya, lambar da aka samu ba ita ake kaiwa shago kai tsaye ba. A misalin mita 800 na ɗazu, fayif mai mita 6 zai kama 134 a takarda. Amma kowane haɗi yana cin 'yan inci, kuma ba kowane fayif da ake kira mita shida ne ya cika shida ba, a ja tef a kan guda ɗaya a shagon kafin a biya. Idan tsawon da ke aiki 5.8 ne, 138 ake bukata, kafin a ƙara na kwana da na fashewa. Bulo inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi, layi ɗaya na katanga mai ƙafa 100 yana cin wajen 65 idan an lissafa simintin tsakani. Wayar lantarki tana lanƙwasa tsakanin fal da fal, ita ma sai da ƙari.

Awon nan duka na lissafin kaya ne da sanin abin da za a kashe, ba ya tsayar da iyaka. Iyakar fili da za ta shiga takarda aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar da ke kula da masu aikin safiyo a Najeriya, da na'urorin da ke auna wuri har zuwa inci ɗaya ko biyu, da dutsen siminti da yake kafawa a kusurwa. Kada a tumɓuke ko a matsar da irin wannan dutse don waya ta ce ba a nan yake ba, dutsen ya fi wayar gaskiya nesa ba kusa ba. Kuma kafin a fara yawo da na'ura a gefen gonakin mutane, a je a gaida mai unguwa ko hakimi a faɗa masa abin da ake aunawa, a nemi maƙwabtan gonar su tsaya a wurin. Manomin da ya ga baƙo yana kafa turke a bakin gonarsa ba sanarwa zai ɗauka ƙwace ake shirin yi, kuma turakun ba za su kwana a wurin ba.